Mashayar abinci ta Ingila: yadda take aiki daga ɗakin ƙasa zuwa lambu

Duk wanda ya zauna Birtaniya don karatu ko aiki, komai daren daɗewa sai an gayyace shi mashaya. Can abokan aiki suke sallamar wanda zai bar ofis, can malamin jami'a yake kai ɗalibansa in an gama jarrabawa, can iyali suke haɗuwa cin abincin ranar Lahadi. Sau da yawa kuma wadda za a kai ka ba tsohuwar mashayar nan ba ce mai duhu da warin taba, wadda abincinta bai wuce gyaɗa da soyayyen dankalin leda ba. Irin wadda suke kira gastropub ce, wato mashayar da ta mayar da abinci babbar sana'arta, tana da ƙwararren kuku, tana sayar da giyar ganga mai rai, a bayanta kuma akwai lambu da tebura. Ko mutum yana sha ko ba ya sha, sanin yadda gidan yake tafiya shi zai hana shi jin kunya a gaban kanta, wato dogon teburin da ake saye a kai, ya kuma hana shi cin abin da bai yi niyya ba.

Asalin abin

Kafin 1989 manyan kamfanonin giya guda shida ne suka mallaki mafi yawan mashayun ƙasar, kuma kowace mashaya giyar mai gidanta kawai take sayarwa. A wannan shekara gwamnati ta kafa doka cewa duk kamfanin da ke da mashaya fiye da 2,000 sai ya saki rabin abin da ya haura wannan adadi. Dubban gidaje suka shiga kasuwa, haya ta yi sauƙi. A cikin wannan yanayi ne David Eyre da Mike Belben suka karɓi wata mashaya mai suna The Eagle a unguwar Clerkenwell ta Landan a 1991. Suka sa murhu a fili bayan kanta, suka riƙa rubuta abincin ranar da alli a kan allo, kujeru kowace da kalarta, ka je kanta ka biya ka koma ka zauna. Ita ake ɗauka a matsayin ta farko.

Abu na biyu da ya tura mashayu wajen girki shi ne hana shan taba a cikin gini, wanda ya fara aiki a Ingila ranar 1 ga Yulin 2007. Tsofaffin kwastomomi masu zaman sha da busa hayaƙi sun ragu, iyalai masu yara sun sami ƙofar shiga. Giyar kanti kuma ta fi ta mashaya araha nesa ba kusa ba, don haka mai gidan da ya dogara da kofi kaɗai ya ga ba za ta fisshe shi ba. Har abin ya kai mashaya tana samun tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba gidajen abinci mafi ƙwarewa: Stagg Inn da ke Herefordshire ce ta fara a 2001, sannan The Hand and Flowers ta Tom Kerridge a garin Marlow ta zama mashaya ta farko mai taurari biyu.

Giyar da ba ta gama nuna ba

Yawancin giyar da ake gani a duniya an gama da ita tun daga masana'anta. An tace ta, sau da yawa an ɗumama ta don kashe yis, an ɗura ta cikin tulun ƙarfe, iskar gas ce ke turo ta zuwa kofi. Za ta yi makonni ba ta canza ba. Giyar ganga mai rai ba haka take ba. Ana ɗura ta da sauran yis mai rai da ɗan zaƙin da bai gama cinyewa ba, sai ta ƙarasa nuna a ɗakin ƙasa na mashayar. Ɗan gas ɗin da ke cikinta yis ne ya haifar da shi, ba a hura mata daga waje ba. Wanda ya san burukutu ya san wannan hali: abin sha ne da ke ci gaba da aiki a tukunya, yana da ranar daɗi yana da ranar tsami, kuma tsakaninsu ba nisa.

A shekarun 1960 kamfanoni sun so su kawar da ita don tana da wahalar riƙo. Wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare ta, kuma littafin da ƙungiyar ke fitarwa duk shekara, Good Beer Guide, har yau shi ne masu bin wannan giya suke dubawa kafin su zaɓi gida.

Gangar da aka fi amfani da ita tana cin galan 9, kusan lita 41, wato kofi 72 na ma'aunin fayint, wanda kowannensa mililita 568 ne. Akwai rabinta mai kofi 36, akwai ninkinta mai 144. Tana da rami biyu: ɗaya a tsakiyar cikinta ta sama, ɗaya a fuskarta ta ƙasa, kowane da matoshinsa.

In mota ta sauke ta, ana ɗora ta a kwance kan maɗori a bar ta ta huta, domin tafiya ta hautsina ta. Zafin ɗakin dole ya tsaya tsakanin digiri 11 zuwa 13. Bayan wasu sa'o'i sai a huda matoshin sama a cusa ɗan tsinken itace mai laushi wanda iska ke iya ratsawa, gas ɗin da ya yi yawa ya fita, wani lokaci har da kumfa. Sannan a ɗora famfo a kan matoshin ƙasa a buga shi da guduma. Bugu ɗaya mai ƙarfi ake so. Mai jin tsoro da ke ɗan taɓawa yana tsaga matoshin, giya ta yi masa wanka. In aikin yis ya lafa, sai a cire tsinke mai laushi a sa mai tauri wanda ke riƙe sauran gas ɗin. Daga nan ana jira kwana ɗaya zuwa biyu, wata giyar mai ƙarfi ma fiye da haka, kafin ta kwanta ta yi garau.

Abin da ke sa ta kwanta wani sinadari ne da ake zubawa tun daga masana'anta, wanda ake samu daga jakar iskar cikin kifi. Yana kama ƙwayoyin yis ya ja su ƙasan ganga. Shi ya sa masu ƙin cin duk wani abu na dabba suke tambaya kafin su saya, shi ya sa kuma wasu masana'antu yanzu suke barin giyarsu da ɗan hazo da gangan, su rubuta hakan a jikin famfon.

Dogon hannun nan da ake gani a kan kanta famfon hannu ne na gaske. Ba gas a ciki. Duk ja ɗaya yana tsotso kwata ko rabin kofi daga ɗakin ƙasa ta cikin tiyo. Kafin a fara sayarwa sai an sassauta tsinken sama, in ba haka ba iska ba za ta shiga ba, hannun ya riƙa komawa da kansa. In an tashi da dare a mayar da shi a toshe.

A nan matsalar take. Duk kofin da aka ja, iskar ɗakin ce ke shiga ta maye gurbinsa. Daga ranar da aka fara sayar da ganga, kwana uku gare ta. Bayan haka gas ya tsere, ɗanɗano ya mutu, ƙwayoyin cuta masu mayar da giya ruwan tsami su kama aiki. Lissafin mai sauƙi ne: kofi 72 cikin kwana 3, famfo ɗaya yana buƙatar a sayar da kofi 24 a rana. Mashayar da ta jera famfo shida tana buƙatar kofi 144 kullum, har da Litinin da Talata. Gidan da mutane ke zuwa don cin abinci kuwa, yawancinsu giyar inabi suke sha da nama, in a ƙauye ne ma rabinsu da mota suka zo. Saboda haka abincin da ya ceci mashaya shi ne kuma yake kashe giyarta ta gado. A irin wannan gida, famfo biyu ko uku alama ce ta mai gida da ya san abin da yake yi. Famfo takwas da tsakar ranar Talata, ɗaki ba kowa, ado ne kawai, kuma aƙalla rabinsu sun wuce lokacinsu.

Kowane aibi yana da sanadinsa. Tsami mai kama hanci na nufin ganga ta daɗe a buɗe. Warin jiƙaƙƙen kwali iska ce ta yi mata yawa. Ɗanɗanon man shanu yana zuwa ne ko don an yi gaggawar sayar da ita kafin yis ya gama aikinsa, ko don tiyo ya yi datti. Ƙa'ida ita ce a wanke tiyo duk kwana bakwai, kuma wankin yana zubar da giyar da ke cikinsa, shi ya sa mai rowa yake tsallakewa. Hazo a giyar da aka san ta da haske yana nufin an motsa gangar, ko an kai ƙarshenta an fara tsotso lakar ƙasa, ko sanyin ɗaki ya yi yawa. Ɗumi kuwa sau da yawa kofin farko ne na ranar, wanda ya kwana cikin tiyo, ma'aikaci ya ƙi zubar da shi. Al'ada ta yarda mai saye ya nemi ɗan kurɓi kafin ya biya, ta kuma yarda ya mayar da kofin da ya lalace. Gidan kirki ba ya musu: zai canza, ya juya tambarin famfon baya don kada wani ya sake saye. Wasu gidajen suna da allon Cask Marque a bakin ƙofa, shaidar cewa masu duba ingancin giya suna kawo musu ziyara ba tare da sanarwa ba.

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa. A arewacin Ingila ana ɗaura wani ɗan murfi mai ƙananan ramuka a bakin famfo don giya ta fito da kumfa mai kauri, a kudu kuma an fi son ta da kumfa kaɗan. Kowane ɓangare yana ganin ɗayan ɓata abu yake yi.

Shiga da yin oda

Abu na farko da baƙo ke rikicewa a kai shi ne ko ya zauna ko ya je kanta. Yawancin irin waɗannan gidaje kashi biyu ne. Inda aka jera cokula da tsummokin hannu a kan tebur ɓangaren cin abinci ne, ana kama wuri tun da wuri, ma'aikaci zai zo ya same ka. Inda teburan suke tsirara, da kuma lambu, kai za ka tashi. Mutum zai iya zama rabin sa'a yana jiran wanda ba zai zo ba. Kafin ka tafi kanta duba lambar teburinka, don ita za a fara tambaya.

A kanta ba a yin layi, amma kowa ya san wanda ya riga shi. Ba a ɗaga kuɗi, ba a tafa hannu, ba a kiran ma'aikaci da baki. Ka tsaya inda zai gan ka ku haɗa ido. In ya zo wurinka alhali wani ya riga ka, ka nuna masa wancan. Wannan ɗan abu yana saya wa mutum mutunci. In kuna da yawa akwai zagaye: ɗaya ya saya wa kowa, in an shanye na biye ya tashi. Wanda lemo yake sha zai iya cewa tun farko shi zai riƙa sayen nasa, ba wanda zai ga laifinsa. Abin da ake ƙi shi ne mutum ya sha na kowa, in layi ya zo kansa ya tuna yana da uzuri.

Kicin ba ya aiki duk yini. A gidaje da yawa ana girki daga sha biyu zuwa wajen biyu da rabi ko uku, a rufe, a sake buɗewa wajen shida zuwa tara. Ranar Lahadi gasasshen nama ne sarki, kuma in ya ƙare ya ƙare, don tun safe aka sa manyan guntaye a tanda; wanda ya kama tebur na ƙarfe huɗu yakan tarar da saura. Gidajen da ake rububinsu suna neman lambar kati lokacin kama wuri, su cire wani abu in mutum bai zo ba, su kuma ba tebur sa'a ɗaya da rabi ko biyu. Takardar abinci gajera, mai abu biyar ko shida a kowane sashe, tana canzawa da lokacin shekara, ita ce alamar ana girki a wurin. Mai shafi huɗu da ke da komai daga miyar kori zuwa taliya, daga firiza yake fitowa.

Inda alade da giya suke ɓuya

Wanda ba ya shan giya ba kofi ne matsalarsa ba, don kofi a fili yake. Faranti ne. Hukuncin zama a irin wannan wuri na malamai ne, amma abin da ke cikin tukunya na kuku ne, kuma ana iya saninsa.

Kifi da dankali, wanda yawancin Musulmi ke gudu zuwa gare shi, a irin waɗannan gidaje kusan kullum da giya ake kwaɓa ƙullunsa, domin gas ɗinta yana sa ɓawon ya yi garas-garas. Romon da ake zubawa kan gasasshen nama sau da yawa da jar giyar inabi aka ƙone shi. Naman sa da aka rufe da ɓawon fulawa da giya ake dafa shi, sunansa ma yakan faɗa. Kifin kwanson teku da farar giyar inabi ko giyar tuffa ake turara shi, haka shinkafar Italiya mai danƙo. Maganar cewa wuta tana kore giya duka ba gaskiya ba ce: tana raguwa da tsawon dahuwa, amma ko bayan sa'o'i biyu a kan wuta ana samun saura.

Alade kuma yana shiga inda ba a zato. Ƙwan da ake naɗewa da nama a soya, niƙaƙƙen naman alade ne a jikinsa. Baƙin tsiran nan da ake ɗorawa kan salak ko kusa da kifi da jinin alade ake yinsa. Kabeji da koren wake ana yawan soya su da ƙananan yankan naman alade mai gishiri ba tare da an rubuta ba. Ɓawon fulawa yana iya zama da kitsen alade, dankali da kitsen sa ko na agwagwa, kayan zaƙi masu daskarewa da jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba. Naman kansa, in ba a rubuta halal ba, a ɗauka ba shi ba ne.

Doka ta tilasta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane rashin lafiya, irin su gyaɗa, ƙwai, madara, kifi da riɗi. Alade da giya ba sa cikinsu, saboda haka takardar da za a miƙo maka ba za ta amsa tambayarka ba. Sai dai ka tambaya kai tsaye, abu ɗaya-ɗaya: da me aka kwaɓa ƙullun, da wane mai aka soya, akwai giya a romon, a kasko ɗaya ake soya kifi da tsiran alade? A nan gidan da ke girki da hannunsa ya fi gidan firiza amfani, domin kukun ya san abin da ya zuba, kuma yana iya gasa kifi da man zaitun ya bar romon a gefe. Alamar abincin masu cin ganye tana kawar da alade, amma ba ta kawar da giya.

Wajen abin sha, ruwan famfo kyauta ne, doka ce a kan duk gidan da ke da lasisin sayar da giya. Soda da ruwan lemun tsami shi ne mafi araha. A kula da abu uku. Shandi rabinsa lemo ne, rabinsa giya ce. Lemon citta yawancinsa ba maye, amma akwai irin da ke da shi. Sannan ɗigon magani mai ɗaci na Angostura da ake sawa a wasu lemuka ya haura kashi 40 cikin 100 na giya, ko da yake ɗigo kaɗan ake sawa. Giyar da ake cewa ba ta da maye ita ma iri biyu ce: mai 0.0 da mai kashi 0.5 cikin 100, kuma duka biyun ana iya tallarsu da suna ɗaya. Lambar da ke jikin kwalba ake karantawa.

Lambu

Shan giya a lambu al'adar Bavariya ce ta Jamus, inda a 1812 sarki ya ba masu dafa giya izinin sayarwa a saman rumbunansu na ƙasa, ƙarƙashin bishiyoyin da aka dasa don inuwa, amma ban da abinci sai burodi. Shi ya sa har yau a Munik mutum zai iya zuwa da abincinsa. A Ingila kada ka gwada. Lambun mashaya ciyawa ce ko daɓe, da teburan katako masu haɗe da benci da manyan lemomi, kuma duk abin da za a ci daga kicin ɗin gidan yake. Darajarsa ta ƙaru a Afrilun 2021, lokacin da aka sassauta kullen korona aka ce a waje kawai za a yi ciniki. Gidaje da yawa a lokacin suka kafa rumfuna da na'urorin ɗumama wuri, kuma ba su cire ba.

Lambu ne wurin masu shan taba. Doka ta ce rumfar da ke da rufi, in fiye da rabin gefunanta a rufe suke, hukuncinta na cikin gini ne, shi ya sa za ka ga rumfuna masu bango biyu kacal. Mai yara ya zaɓi tebur nesa da su. Karnuka ma suna da yawa, har da kwanon ruwansu a bakin ƙofa. Wanda ba ya son kare ya shinshine shi ya nemi ɓangaren cin abinci na ciki, inda galibi ba a shiga da su. Daga Agusta zuwa Satumba rina suna damun duk mai abin zaƙi a kofi, a riƙa rufe baki da ɗan kwalin da ake ɗora kofi a kai. Ga mai giyar ganga kuma, abin da aka zubo a digiri 12 ba ya jure rana; rabin kofi sau biyu ya fi cikakke sau ɗaya. Lambu yakan rufe kafin cikin gida, sau da yawa wajen goma na dare, saboda sharaɗin da ƙaramar hukuma ta sa a lasisi don maƙwabta su yi barci. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Landan sai bayan tara, don haka ana korar mutane ciki da sauran haske a sama.

Yara suna shiga in suna tare da babba, ko da yake kowane gida yana da lokacin da yake so su fita. Shekarar sayen giya 18 ce, kuma duk wanda fuskarsa ba ta kai ta ɗan 25 ba za a nemi katin shaidarsa.

Biya

Farashin da ke kan takarda ya haɗa da harajin kashi 20 cikin 100. A ɓangaren da ma'aikaci ke kawo abinci tebur, musamman a Landan, za ka ga an ƙara kashi 12.5 na hidima a ƙasan rasit. Ba dole ba ne, ana iya cewa a cire, kuma in an biya shi ba a sake barin wani abu. Tun 1 ga Oktoban 2024 doka ta hana masu gida taɓa wannan kuɗi, na ma'aikata ne gaba ɗaya. Wanda ya saya a kanta ba a jiran ya ba da komai. In kun bar kati a kanta ana tara muku lissafi, a tuna a rufe shi kafin a fita, a kuma duba rasit, don a lambu mai cunkoso ana yawan rubuta odar wani tebur a kan wani.

Wajen sha ɗaya saura za a kaɗa ƙararrawa ta odar ƙarshe, a sake kaɗawa in an rufe kanta. Mashayun ƙauye da suka fi iya girki yawancinsu bas ba ya kai musu da dare, tasi kuma sai an kira tun da rana. Iyakar giya a jinin direba miligiram 80 ce a kowace mililita 100 a Ingila da Welis, 50 a Sikotland tun 2014, don haka a cikin ayari wanda ba ya sha shi ake miƙa wa makullin mota. Kafin ya karɓa ya tabbatar inshorar motar ta rufe shi, domin a Birtaniya inshora tana bin sunan direba ne, kuma tuƙa motar aboki ba tare da ita ba laifi ne mai jawo makin hukunci shida a kan lasisin tuƙi.